Gurbin Da Ba A Bugawa

Shekara talatin ina yagar tikiti
a bas mai bin gaɓar ruwan Montevideo.
Na ɗauka hannun da ya iya ƙirga canji a guje
ba abin da zai gagare shi.
Sai ga ni ran Lahadi, furfura fal ka,
an rataya min chico a kafaɗa,
ƙaramar cikin gangunan unguwa.

Celmira ta cinna wa tsofaffin jaridu wuta a bakin titi,
muka jera ganguna suna jin ɗumi.
Ta ce, fata sai ta sha wuta take faɗin gaskiya,
mai sanyi ƙarya take yi.
Ta ɗan ƙwanƙwasa tawa da yatsa,
ta karkata kunne, ta ce saura kaɗan.

Na damƙi sanda kamar zan kashe maciji.
Ta buɗe yatsuna ɗaya bayan ɗaya:
Eleuterio, ba bashi take ci maka ba.
Babban yatsa da manuni su riƙe,
sauran ukun rakiya suka zo.
Ɗan tsako ne a hannunka,
ka matse ya mutu, ka saki ya gudu.

Kafaɗa ba ta kiɗa, in ji ta,
aikin wuyan hannu ne.
Jefa sandar, bar ta ta dawo da kanta,
fata ta san yadda ake mayar da baƙo.
Hagu kuwa tsirara zai sauka,
yatsu haɗe, kusa da baki,
ka taɓa ka ɗauke
kamar mai gwada zafin tukunya.

Hannu ɗaya, sanda biyu.
Hannu ɗaya, sanda biyu.
Na ce, shi ke nan? Ta ce, shi ke nan,
daga nan har a kai ka makwanci.

Amma akwai gurbi kafin hannu ya sauka,
daidai inda ƙafa ke taka ƙasa.
Nan ba a bugawa.
Ni ko, da na ga fili sai in cusa fasinja,
haka na saba,
na dinga faɗawa cikin ramin nan
har Tabaré, jikanta ɗan shekara bakwai,
ya toshe baki da gwiwar hannu yana dariya.

Celmira ba ta yi dariya ba.
Ta karɓe gangar, ta ce, yi tafiya.
Daga sandar fitila zuwa shagon burodi
na je na dawo, hannu wofi,
ina ƙirga taku da baki kamar ɗan aji ɗaya,
matan bene suna leƙe, kofin mate a hannu.
Sannu, ta ce. Ƙara sannu.
Wanda bai iya rarrafe da kiɗa ba
gudunsa hayaniya ne.

Mako uku yatsuna suna bororo,
suka fashe, na naɗe su da filasta,
jini ya bar taswira a gefen fata.
Matata Nélida ta hana ni teburin abinci,
sai na koma bugun cinya a banɗaki.

Jiya da yamma muka fito, mu goma sha huɗu,
iskar kogi tana kaɗa tutoci.
Babbar ganga na gurnani a bayana,
matsakaiciya na ta tsiwa a dama,
ni ina tsakiya da 'yar kalmata guda,
ba ƙari, ba ragi.
Wajen kwana ta biyu na ji shi:
gurbin nan ba kango ba ne,
nan sauran suke ajiye ƙafa.

Na ɓata sau biyu kafin mu kai dandali.
Celmira ta waigo sau ɗaya kawai.
Tabaré ya ce gobe zai nuna min
yadda ake buga katakon gefe,
in na zo masa da alewa.